Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Sakkwato kan Ruwan Dattin da ke Gangarawa Fadama

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan cikin birnin Sakkwato, kuma ɗan majemi ne. Cikin fatu da warin bagaruwa na tashi, da kuɗin jima aka saya mini littafina na farko. Wannan takarda ba da bakina kaɗai na rubuta ta ba. Akwai masu lambu na fadamar Rima da muke zama da su bayan la'asar, akwai majema abokan mahaifina da 'ya'yansu, akwai marina da makanikai, akwai kuma iyaye mata da kullum suke sayen ganye su dafa wa iyalinsu. Ba mu da ƙungiya mai rajista. Sun ce tunda ni ne mai alli a hannu, in rubuta, na kuwa karanta musu ita kafin in fitar.

Ga abin da ya tayar da maganar. A bazarar da ta wuce wani ɗalibina ya kawo mini ruwa a gorar roba, ya ce daga lambatun bayan gidansu ya ɗebo, yana so ya san dalilin da ya sa ruwan yake canja launi, da safe shuɗi, da rana ja-ja, wani lokaci baƙi ƙirin. Ranar Asabar na ɗauki yara uku muka bi lambatun da ƙafa. Mun fara daga bayan wata marina inda ake tuttular da ruwan rini. Gaba kaɗan baƙin mai daga rumfar makanikai ya hau kansa yana walƙiya kamar bakan gizo. Kusa da nan mai gyaran batir yana juye tsohon ruwan batir a gefen hanya, yana bin gangara yana shiga. Sai ruwan wankin fatu, mai toka da gashi, sai jini da kayan tumbi daga inda ake yanka. A ƙarshen gari duk suka haɗu suka kwanta a wani kududdufi, a bakinsa kuma injin ban-ruwa yana tari, tiyonsa a ciki, yana tura ruwan nan cikin fangalin alayyafo da latas.

Na gaida dattijon da ke wurin, na ce, "Baba, wannan ruwan kuke bai wa ganye?" Ya dube ni ya ce, "To Malam, mi za mu yi? In rani ya yi nisa, wanga ruwa shi kaɗai ka isowa nan. Kuma dubi ganyen, ko taki ban sa mai ba." Gaskiya ya faɗa. Ganyen ya yi kore shar, domin jini da kayan tumbi taki ne. A nan tarkon yake: abin da ke ciyar da ganyen da abin da ke iya cutar da mai cin sa, tiyo ɗaya suke bi, ido kuma na farkon kaɗai yake gani.

Kokenmu na farko shi ne wannan gamin gambiza. Dattin da ke cikin ruwan sana'a iri biyu ne. Akwai wanda ke ruɓewa, kamar jini, kitse, gashi, baƙin mai da yawancin rini. Akwai kuma ƙarafa masu guba, dalma da kadmiyam da kuromiyam da zaiba, waɗanda ba sa ruɓewa ko shekara dubu suka yi a ƙasa. Kowane iri da maganinsa. In an bar su suka cakuɗe a lambatu ɗaya, aikin raba su ya ninka, kuɗinsa ma ya ninka. Na farkon shi ne mai wari, shi ke shanye iskar da ke cikin ruwa har kifi ya taso sama ya mutu, shi ke tara ƙuda da sauro, shi ya sa shi kaɗai mutane ke kuka da shi. Na biyun ba ya wari, ba ya canja ɗanɗanon miya, tafasa ruwa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa kauri in ruwan ya ƙone.

A kan na biyun nake so in daɗe, ranka ya daɗe, domin mu mutanen wannan yanki mun riga mun ga aikinsa da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara akalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a garuruwa irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Kafin 1996 jiha ɗaya muke da su, har yau kuma jini ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Waɗancan sun faɗi ne farat ɗaya saboda gubar ta yi yawa. Wadda ke shiga kaɗan-kaɗan ba ta kai yaro kushewa nan take, ƙwaƙwalwarsa take ci. Yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, jininsa ya yi ƙaranci, girmansa ya tsaya, iyaye su ce daƙiƙi ne, malami ya sa masa bulala. Ni malami ne, wannan tunanin yana hana ni barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Iyakar da ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita guda. Ma'ana, giram ɗaya tak na dalma ya isa ya kai jarka 4,000 masu lita 25 bakin wannan iyaka. Batirin mota ɗaya kuwa yana ɗauke da dalma kilo da dama.

Kadmiyam kuma ganye ne ke jawo shi daga ƙasa, musamman ganyen da ake ci irin su latas da alayyafo, ya taru a ƙodar mutum shekara da shekaru. A yankin Toyama na Japan ruwan ma'adinai ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, mutane suka yi ta ci, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi suna karyewa, mafi yawa mata. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amince cewa kadmiyam ne sanadi, bayan an kwashe shekaru ana wahala. Mu ma masu shinkafar fadama ne. Abin da ya gangara daga birni ba ya tsayawa a fadamar Kwalkwalawa da ke bakin gari, yana bin gulbi har Argungu da Birnin Kebbi, ga masunta, ga makiyaya masu shayar da dabbobi.

Koke na biyu ƙarami ne a ido, amma kullum muna ganin sa. Duk gabanin damina ana yashe lambatu, wanda abu ne mai kyau, sai a tara baƙar lakar a bakin hanya. Ƙarafan da na ambata a cikin laka suke kwanciya. In ta bushe yara su yi wasa a kai, iska ta kwasa ta zuba a faifan mai tsire da kwanon mai fura, wani kuma ya zo da amalanke ya ɗiba ya kai gona a matsayin taki. Ruwan farko ya mayar da ragowar inda aka ciro ta.

Na uku ya shafi masu sana'ar kansu, kuma nan ne zuciyata take. Duk lokacin da maƙwabta suka yi kukan wari, abin da aka fi saurin tunawa shi ne a tashe su. Na ga haka a gidanmu ina yaro. Wasu jami'ai suka zo suka ce wa mahaifina ya kwashe kayansa daga inda ya gada ya koma bayan gari. Na tuna yadda ya naɗe kartajinsa a tsumma bai ce uffan ba. Muka koma, ruwan jima ya ci gaba da malala kamar da, sai dai yanzu ya fi kusa da fadama. Bayan 'yan shekaru gari ya sake cim mana, kukan ya dawo sabo. Ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna masa inda zai zuba ruwan. Masu sana'ar ne kuma farkon masu shan wahalarsa: dubi tafin hannun marini ko majemi, ka ga tsagewa da ƙuna, ka ji tarin mai gyaran batir. Fatar jar akuyar Sakkwato ce aka riƙa ɗauka a kan raƙuma ana ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Sana'ar da ta kai sunan garin nan duniya ba ta cancanci a riƙa kora ta daga lungu zuwa lungu ba.

Akwai kuma abin da ke tafe. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, dattinta mai ruɓewa ne. Jimar zamani ta masana'anta da gishirin kuromiyam ake yin ta, kuma wani kaso mai yawa na gishirin ba ya kama fatar, cikin ruwa yake fita. Kullum ana maganar jawo masu zuba jari a harkar fata, mu ma muna so, 'ya'yanmu na neman aiki. Amma wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Challawa a Kano, inda ruwan masana'antun Sharada da Challawa ya daɗe yana zuba, ya san abin da ke biyo baya in an fara gini kafin a yi tunanin ruwa. A Bangaladash sai da aka kwashe majemun unguwar Hazaribag ta birnin Daka a 2017, bayan sun gama da kogin da ke kusa da su. A Indiya sai da Kotun Ƙoli ta shiga maganar majemun Tamil Nadu a 1996. Mu har yanzu muna da sararin da su suka rasa. Gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ne.

To mene ne magani? Abin da muke roƙo a gwada shi ne a sa ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da funfuna da yis (irin na kumbura burodi) da gansakuka, su yi aikin tsarkake ruwan. Da na fara faɗa wa dattawan majalisarmu haka, wani ya ce, "Malam, ƙwayoyin cuta za ka zuba muna a ruwa?" Na ce masa, "Baba, wa ke dafa maka daddawa?" In mace ta dafa kalwa ta rufe ta da ganye ta ajiye kwana biyu ko uku, bakteriya ne da ake kira Basilus ke narkar da ita su ba ta wannan ƙamshi. Danginsu ne ke mayar da madara kindirmo. Marinin da ya zuba baba da toka a karofi ya jira kwanaki har ruwan ya nuna, bakteriya yake jira, domin su ne ke juya shunin ya narke ya kama zane. Mahaifina yakan jiƙa fata a ruwan kashin tattabara don ta yi laushi, wannan ma aikinsu ne. Masu sana'ar garin nan sun fi ƙarni suna kiwon waɗannan halittu, sun san zafin da suke so, sun san ranar da rami ya mutu da yadda ake tayar da shi. Sunan kawai ba su sani ba. Shi ya sa nake da yaƙinin cewa in an kawo wannan aiki, hannun da zai riƙe shi yana nan.

Ga datti mai ruɓewa hanyar a bayyane take, domin abincinsu ne. Tun 1914 wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka nuna a Mancesta ta Ingila cewa in aka hura iska cikin ruwan datti aka bar bakteriya suka yawaita, za su cinye dattin su dunƙule su kwanta a ƙasa, ruwa ya tashi garau. Manyan biranen duniya a kan wannan dabara suke har yau. Sai dai tana cin wutar lantarki dare da rana, mu kuwa mun san halin wutarmu. Wadda ta dace da mu ita ce ta tafkuna a jere, irin waɗanda birnin Nairobi ke amfani da su a Dandora. Tafki na farko mai zurfi ne, iska ba ta kai ƙasansa, a nan bakteriya marasa buƙatar iska ke farfasa kauri-kaurin dattin. Na biyu mai faɗi ne marar zurfi, rana na dukan sa, gansakuka na fitar da iskar oksijin, bakteriya na shaƙa suna ƙarasa aikin. Na uku shi ne na tacewa, inda hasken rana ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Daga nan a bi da ruwan ta cikin fangalin tsakuwa da aka shuka kacala ko jema, saiwoyinsu su zama gidan wasu bakteriyan. Babu inji, gangara ce ke tura ruwan. Abin da tsarin ke bukata fili ne da zafi. Zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda muke kuka da shi, a wannan aiki jari ne, domin halittun nan sun fi sauri in ruwa ya yi ɗumi.

Rinin zamani, galurar da ake saye a kasuwa, yana da wani sharaɗi da ya kamata duk mai tsara aikin ya sani. Yawancinsa in ya shiga tafkin da babu iska, bakteriya na tsinka shi launin ya ɓace, mai kallo ya ce ruwa ya tsarkaka. Alhali guntayen da suka rage, wasunsu na iya haddasa ciwon daji, kuma sai a tafki mai iska ake ƙarasa cinye su. Don haka dole matakan biyu su cika, gushewar launi ba shaida ba ce. Akwai kuma irin funfunar da ke cin ruɓaɓɓen itace ta bar shi fari, wadda ruwan da take fitarwa ke iya narkar da rini iri-iri. Jini da kayan tumbi na mayanka kuwa asara ce ma a bar su su bi lambatu. In an rufe su a rami bakteriya za su ba da iskar gas ta girki, ragowar ta zama taki mai tsabta, kuma Cibiyar Binciken Makamashi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe da sanin wannan aiki.

Ƙarafa su ne masu taurin kai, tunda babu halittar da ke iya cinye dalma ta ɓace. Abin da ƙananan halittu ke yi shi ne su cire ƙarfen daga ruwa su tara shi wuri ɗaya. Fatar jikin yis da funfuna da gansakuka tana kama ƙarfe kamar yadda ƙaya ke kama riga, ko da halittar ta mutu. Wasu bakteriyan, irin su Basilus da Sudomonas, suna juya kuromiyam daga nau'insa mai tsananin guba, wanda ke yawo a ruwa yana jawo ciwon daji, zuwa nau'in da ya fi sauƙi, mai kwanciya a ƙasa. Wasu kuma, masu zama a baƙar laka inda babu iska, suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita kuma ta haɗu da dalma ko kadmiyam ko tutiya su zama gari su nutse. Wannan ya wuce gwajin ɗakin bincike: a garin Budel na ƙasar Holan, tun 1992 wata matatar tutiya ke tsarkake gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasarta da irin waɗannan bakteriya.

Ba zan ɓoye maka wahalhalun ba, ranka ya daɗe, don kada a fara a tsaya a hanya a ce kimiyya ta yi ƙarya. Ƙarfen da aka cire daga ruwa yana nan cikin lakar tafkin, ya ma fi da kauri. In aka yashe ta aka watsar, ko aka sayar wa manomi, an yi aikin banza, an ma ƙara ɓarna. Marinan da can sun san darajar abin da ya kwanta a gindin rami, sukan kwashe katsi su ƙona su sake amfani da shi. Wannan lakar kuwa rami na musamman take so, mai daɓen yumɓu da shimfiɗar leda mai kauri, nesa da rijiya da gulbi. Sannan halittun nan masu rai ne. In aka kwararo musu ruwan batir ko gishirin fatu da yawa a lokaci ɗaya za su mutu, kamar yadda karofi ke mutuwa, sai an yi makonni kafin tafkin ya farfaɗo. Zaiba kuma, wadda masu haƙar zinariya ke wasa da ita da hannu, ba a sake ta cikin irin wannan tafki ko kaɗan, domin akwai bakteriyan da ke juya ta zuwa nau'in da ya fi guba, mai taruwa a jikin kifi. Wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956. Ina kuma jan kunne game da masu zuwa da jarkoki su ce ga ƙwayoyi daga waje, a zuba a lambatu komai ya wanke. Halittun da suka fi juriya su ne waɗanda suka riga suka saba da dattinmu da zafinmu, suna nan cikin lakar bayan majema da marina.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni takaici, wato ilimin yana nan cikin garin, bai dai sadu da lambatun ba. Tun 1975 muke da jami'a. Malamai da ɗalibai na sashen nazarin ƙananan halittu da na kimiyyar sinadarai sun sha ɗibar ruwan majema da na gulbi suna aunawa, suna ware bakteriyan da ke jure masa, suna rubutawa. Wasu daga cikinsu yarana ne da na koyar. Ɗaya ta taɓa nuna mini kwalabe biyu, ɗaya ruwan rini ne kamar yadda ta ɗebo shi, ɗayan kuma shi ne bayan kwanaki da zuba masa abin da ta raino, ya washe har ana ganin yatsa ta bayansa. Ta ci jarrabawarta, aka ɗaure littafin da baƙar fata aka jera a kanta. Yanzu tana sayar da atamfa. Ba laifinta ba ne, ba kuma laifin malamanta ba. Tsakanin kwalba da tafki akwai fili da siminti da izini, waɗannan kuwa a hannun hukuma suke.

Saboda haka ga roƙonmu.

A fara da awo. A ɗebi ruwa da laka da ganye daga manyan lambatun da ke fita birni da fadamun da suke zuba, sau biyu a shekara, tsakiyar rani da bayan ruwan farko, a auna dalma da kadmiyam da kuromiyam. A bai wa jami'a aikin, a kuma faɗi sakamakon da Hausa a gidan rediyon Rima, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In ya nuna wata fadama na da matsala, kada a tsaya ga hana mai lambu ban-ruwa, a taimaka masa da rijiyar burtsatse ko ta tiyo, domin wanda aka hana ruwa ba a ba shi wani ba, da dare zai dawo. A unguwannin da ake fasa batir da gyaran sa kuma, a haɗa kai da Ma'aikatar Lafiya a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5.

A gina tafkunan gwaji guda ɗaya tak, a wuri ɗaya, kusa da rukunin majema ko marina. Ba mu roƙi katafaren aiki ba. Ƙarami muke so, wanda za a iya lura da shi shekara guda cur, a ga yadda yake yi da bazara, da damina in ambaliya ta zo, da hunturu in ruwa ya yi sanyi aikin halittun ya ragu. A sa matasan da suka karanci fannin su kula da shi tare da 'ya'yan masu sana'ar, a biya su. Kuma tun ranar da za a sa kuɗin gini a kasafi, a sa na kulawa a gefensa, domin tafkin da ba a yashewa cikin 'yan shekaru yake komawa kududdufin sauro.

A raba datti tun daga tushe, wannan ma ba ya bukatar jiran kasafi. Durom a kowace rumfar makanikai don baƙin mai, wurin karɓar tsofaffin batura da ruwansu, ramin tace gashi da kitse a bakin kowace majema. A daina barin lakar lambatu tana kwana a bakin hanya, a kuma hana ɗibar ta zuwa gona. In za a yi wannan, a bi ta hannun sarakunan sana'a, irin su Sarkin Fawa da shugabannin majema da marina da makanikai. Maganar da ta fito daga bakinsu ta fi takardar tara shiga kunne.

Duk wata masana'antar fata ko rini da za ta zo jihar nan, kada a ba ta izinin fara aiki sai an ga wurin tsarkake ruwanta yana aiki, an kuma ga yadda za ta ware ruwan kuromiyam ta sake amfani da shi, abin da majemu a Indiya suka daɗe suna yi, har yana rage musu kuɗin sayen gishirin. Doka tana nan: NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun saƙa da fata tun 2009. Abin da ya rage shi ne jiha ta tsaya a kai tun ranar aza harsashi.

Na ƙarshe, muna gayyatar ka, ko wanda ka wakilta, ka zo mu bi lambatun nan tare kafin ruwan bana ya sauka ya wanke shaidar. Tafiyar ba ta wuce awa biyu a ƙafa. Dattijon mai lambu ya ce zai jira mu a bakin injinsa, majema sun ce za su buɗe ramukansu a duba, ɗalibaina kuma za su riƙo kwalaben ɗibar ruwa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon dubawa.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyya kuma ɗan majemi,
a madadin masu lambu da masu sana'a na birnin Sakkwato.